Darasi na 14: Kiwon Kajin Nama da Yankansu a Gida

Duk wanda ya san ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san da wuya a shiga gida, na gari ko na ƙauye, ba a tarar da kaza tana tono a gindin rumbu ba. Kuma tun da Allah Ya hore wa wannan yanki na kudancin Katsina masara da dawa da waken suya, har fatake suke tasowa daga nesa su yi lodi a kasuwar Ɗandume da ta Funtuwa, to, abin da kaza za ta ci ba baƙo ba ne a wurinmu. A shekarun nan kuwa da satar shanu ta addabi garuruwan da ke gefen daji, har gidaje da yawa suka wayi gari turke ba kome, darajar ƙaramar dabba ta ƙara bayyana, domin cikin gida take kwana, ba ta bukatar makiyayi, jarinta kuma bai fi ƙarfin matar aure ko saurayi ba. Amma fa akwai bambanci tsakanin mutumin da kaji ke yawo a gidansa da mutumin da ke kiwon kaji, kuma wannan bambanci shi ne maƙasudin darasinmu.

Irin kazar da za a kiwata

Kajin da ake samu a wajenmu iri uku ne. Akwai kazar Hausa, wadda ke nema wa kanta abinci, ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta. Tana da juriya, namanta kuma ya fi kowanne daɗi a miya, illarta dai jinkiri, domin sai ta yi wata 5 ko 6 kafin ta kai kilo 1 da 'yan kai, kafin nan kuwa shirwa da muzuru da annobar hunturu sun ɗebi rabonsu. Akwai farar kazar nan ta gidan gona da ake kira buroila, wadda ba a yi ta don kome ba sai nama. Akwai kuma ta tsaka-tsaki, irin su Noiler, wadda wani kamfanin ƙyanƙyasa na garin Awe a jihar Oyo ya fitar, tana iya kiwo a tsakar gida, ta isa yanka cikin wata 3 zuwa 4. Ita kuwa Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar, ta ƙwai ce, kada mai neman nama ya saye ta bisa kuskure.

Galibin maganarmu a kan buroila za ta kasance, saboda ita ce mai saurin riba da saurin hasara. Mutane da yawa suna zaton allura ake yi mata take kumbura haka, alhali kuwa asirin yana cikin zaɓen iri, wanda aka daɗe ana yi, musamman a Amurka tun daga gasar fitar da kazar nama da aka yi a can a 1948. Masana a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada sun taɓa kiwon irin kajin 1957 da na 2005 a wuri ɗaya da abinci ɗaya. Da aka cika kwana 56, irin na dā bai kai kilo 1 ba, na zamani kuwa ya haura kilo 4. Sai dai wannan baiwa da sharaɗinta take tafe, domin jikin da ke girma da irin wannan gaggawa yakan fi ƙarfin ƙafafunsa da zuciyarsa, ba ya jure zafi, ba ya jure yunwa, ba ya kuma yafe sakaci ko na yini ɗaya.

A fara da ranar yanka

Babban kuskuren mai fara kiwo shi ne ya sayi 'yan tsaki don ya ga maƙwabcinsa ya saya, sai sun girma sa'an nan ya shiga tunanin inda zai kai su. Kyakkyawan tadbiri shi ne a juya al'amarin: a fara tsai da ranar da za a yanka ko a sayar, a san wanda zai saya, sa'an nan a ƙirgo kwanaki baya. Dalili kuwa, buroila tana kai kilo 2 ko fiye cikin mako 6 zuwa 7, bayan ta ci abincin da ya kai kilo 4 zuwa 5. Daga nan cinta ƙaruwa yake yi, naman da take mayarwa kuma bai kai na dā ba, har a zo lokacin da abin da take ci a yini ya fi abin da take ƙarawa tsada. Duk kwanan da ta ƙara a ɗaki bayan wannan, daga aljihun mai ita take ci.

A ƙasarmu babbar kasuwar kaza ita ce ƙaramar Salla, domin babbar Salla ta rago ce, kaza kuwa ba ta isarwa a layya a wurin malamanmu. Ga lissafin da sauƙi: tsakon da ya shigo gida a tsakiyar Sha'aban, in aka haɗa sauran kwanakin watan da na Ramalana, zai wayi garin jajibiri yana da kimanin kwana 45, watau daidai munzali. Amma da yake watannin Musulunci suna matsowa da kwana 11 kowace shekara a kan lissafin rana, Sallar da aka yi cikin damina a watan Yuli na 2015, a 2025 ƙarshen Maris ta faɗo, a bakin bazara; kuma lalle mai kiwo ya lura da wannan, domin kowane yanayi da irin fitinarsa, hunturu yana kashe tsako, bazara tana kashe babbar kaza, damina kuma tana jiƙa shimfiɗa ta jawo kashin jini. Ban da Salla akwai bukukuwan aure da na suna, da masu gashin kaza na bakin titi, da lokacin Kirsimeti da ake neman kaji ƙwarai a birane. Wanda ya ƙulla magana da mai saye tun kajinsa suna mako 3, ba ya zama abin tausayi a bakin kasuwa, dillalai suna taya masa yadda suka ga dama don sun san ba shi da abincin gobe.

Shawarata ga mai farawa kada ya wuce kwali ɗaya, watau tsaki 50. Waɗannan za su ci kimanin buhu 9 na abinci mai kilo 25, abinci kuwa shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na dukan abin da za a kashe. Wanda ba shi da kuɗin buhunan nan a hannu, ko hatsin da zai maye gurbinsu a rumbu, gara ya rage yawan tsakin tun farko, da a kai mako na 5 abinci ya yanke, a koma ba su dusa zalla suna ramewa.

Ɗaki da makonnin farko

Ɗakin da ya kai mita 3 a tsawo da mita 2 a faɗi ya ishi kaji 50 har su girma, muddin yana da manyan tagogi masu raga ta fuska biyu, iska tana ratsawa. A share shi, a wanke, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a toshe ramukan ɓera da gafiya, sa'an nan a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko diddigar katako mai kaurin yatsa 4, duka wannan kafin tsakin su iso.

Da yawa daga 'yan tsakin da ake sayarwa a Funtuwa da Katsina da Kano daga gidajen ƙyanƙyasa na wajen Ibadan suke fitowa, sun kwana a mota, abin da ya riƙe su a hanya kuwa ragowar gwaiduwa ce da Allah Ya ajiye musu a ciki, wadda take isar tsako kwana 2 zuwa 3. Saboda haka in sun iso ƙishirwa ce ta fi damunsu. A fara ba su ruwa mai ɗan sukari, a tsoma bakin kaɗan daga cikinsu, sauran za su koya, sa'an nan a barbaɗa abinci a faranti ko a kan takarda. Tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya fito, don haka a makon farko yana bukatar zafin da ya kai digiri 32 zuwa 34, ana rage kamar digiri 3 kowane mako. Wanda ba shi da ma'auni kada ya damu, ya dubi tsakin: in sun cure wuri ɗaya a gindin wuta suna kuka, sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango bakinsu buɗe, zafi ya yi yawa, in kuwa sun bazu ko'ina, wasu na ci, wasu na barci, to, an dace. Mai amfani da tukunyar gawayi ya bari garwashin ya kama sosai a waje kafin ya shigar, kuma kome sanyin hunturu kada ya toshe ɗakin ruf, domin iskar gawayi ba ta da wari, tana kuma kashe tsaki kamar yadda take kashe mutane.

In suka kai mako 4 sai al'amari ya juye, zafi ya zama abokin gaba. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi. A watan Afrilu kuwa, sa'ad da rana ke kai digiri 40, mafi ƙiba daga cikinsu su ne ke fara faɗuwa tsakanin azahar da la'asar. Maganin wannan shi ne a janye abinci da hantsi, a mayar da yamma da dare, a sa ruwan randa mai sanyi kada ya yanke, a kuma jera kara ko ciyawa a kan kwanon rufi.

Abinci

Abincin kanti iri biyu ne, na farawa da na gamawa. Na farko ana ba da shi har mako 3 ko 4, yana da sinadarin gina jiki kamar kashi 22 cikin 100, na biyu kuma kamar kashi 19. A makonnin farko ban ga hikimar tsimi ba, a sayi na kanti mai kyau. Daga baya manomi yana iya haɗa nasa, masara ta zama fiye da rabi, waken suya kamar sulusi, da 'yar dusa, da garin ƙashi, da gishiri kaɗan, da haɗin bitamin da ake samu a shagon magungunan dabbobi, amma ya nemi malamin gona ya auna masa a karon farko. Waken suya wajibi ne a soya shi ko a dafa, domin ɗanyensa yana ɗauke da abin da ke hana narkewar abinci. Angurya, wadda ba ta wuya a ƙasar auduga irin tamu, ta shanu ce, yawanta yana cutar da kaza. Hatsin da ya yi funfuna kuwa, wanda aka saba cewa a zuba wa kaji, guba ne: a 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai funfuna, a nan ne ma aka gano wannan guba.

Rigakafi

Annobar da ke share kajin ƙauye kusan kowane hunturu, ka ga kaza ta yi jugum, tana koren zawo, wuyanta ya murɗe, ita ce likitoci ke kira Niyukasil, da sunan garin Ingila inda aka ganta a 1926. Ba ta da magani, sai rigakafi. Haka ma Gumboro, mai kama tsaki tsakanin mako 3 da 6. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin rigakafin duka biyun. Tsarin da aka fi bi shi ne a ba da na Gumboro sau 2 da na Niyukasil, wanda ake kira Lasota, sau 2 cikin mako 4 na farko, ana saɓa su, malamin dabbobi ne zai tsai da ranakun. Abin da ya rataya a wuyan mai kiwo shi ne ya ɗauko maganin cikin ƙanƙara, ya janye ruwa sa'a 1 ko 2 da sassafe don su ji ƙishirwa, ya dama da ruwan rijiya mai tsabta, su shanye kafin sa'a 2. Rigakafin da ya sha rana a aljihu daga Funtuwa zuwa Sabuwa ya riga ya mutu, ruwa kawai aka ba su. Kajin Hausa ma akwai nasu, wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido duk wata 3 ko 4.

Cuta galibi da ƙafa take shigowa, a takalmin baƙo, ko a kejin dillali, ko a jikin zakaran da aka sayo da araha a kasuwa. Duk kazar da ta zo daga waje a keɓe ta mako 2. In kuwa kaji suka fara zuba da yawa cikin yini ɗaya, a sanar da ma'aikatan dabbobi, domin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a ƙasar nan a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, tana iya kama mutum. Wadda ta mutu da kanta mushe ce, a binne ta da zurfi. Gaggawar kai marasa lafiya kasuwa kuwa, da aka mayar kamar wayo, algus ne a shari'a, kuma ita ce ke ɗaukar annoba daga gari zuwa gari. Haka nan kazar da aka ba magani, akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jikin maganin waɗanda sai sun cika ake yanka ta, in ba haka ba ragowarsa cikin masu ci zai ƙare.

Yanka

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma gaskiya ne; sai dai shari'a ba ta bar yankan ga ra'ayin mai wuƙa ba. A hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Sahihu Muslim, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kyautatawa har a wurin yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankawa. Saboda haka tun daren jiya za a janye abinci, kamar sa'a 8 zuwa 12, a bar ruwa, don hanji ya zama ba kome. A kama su da sassafe cikin natsuwa, ba da guje-guje ba. A wasa wuƙa nesa da su, kada kuma a yanka wata a gaban 'yar'uwarta.

Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wanda kuma har yau ake karanta shi a zaurukan malamanmu, ya tattara hukuncin bisa mazhabar Imamu Malik. A fuskantar da abin yanka alƙibla, a yi niyya, a ambaci sunan Allah a yi kabbara. Wanda ya manta da bisimilla ana cin yankansa, wanda ya bari da gangan ba a ci. Abin da ya wajaba a yanke shi ne maƙogwaro da manyan jijiyoyin jini guda biyu na gefen wuya, ta gaba, domin abin da aka yanka ta ƙeya ba a cinsa. Kada a ɗaga hannu sai an gama. Wanda ya yanke sashe, ya ɗaga wuƙa, sa'an nan ya dawo ya ƙarasa, ya ɓata yankan, wannan kuwa mafi yawa dakusasshiyar wuƙa ce ke jawo shi. Wanda ya zarce har ya cire kai ya munana, amma ana ci. Da yake wuyan kaza ɗan siriri ne, a ja fatar a miƙar da shi, a sa wuƙa ƙasa da maƙogwaron kaɗan yadda ƙullinsa zai tafi wajen kai.

Akwai wata mas'ala da ya kamata mata su riƙe. Al'ada ta sa in ba namiji a gida sai a aika yaro neman mai yanka, sau da yawa kuwa kafin ya dawo kazar da zafi ya buge ta riga ta zama mushe. Alhali yankan mace ya halatta, kuma a cikin Muwaɗɗa akwai labarin kuyangar Ka'abu ɗan Malik, wadda ta ga tunkiya za ta mutu ta yanka ta da dutse mai kaifi, aka tambayi Annabi ya halatta cinta.

Bayan yanka kada a jefar da kaza tana birgima cikin ƙasa, domin wannan yana ƙuje nama ya kuma cusa datti a wuya. A riƙe ta, ko a zura ta kai ƙasa cikin jarkar da aka yanke gindinta, minti 2 zuwa 3, har jini ya tsane motsi ya ɗauke. Fara figa ko karya wuya kafin rai ya gama fita makaruhi ne.

Figa da gyara

Jinin da ya kwarara najasa ne, don haka a wanke wuyan kafin a tsoma. Ruwan figa ba tafasasshe ake so ba, digiri 55 zuwa 60 ya isa, a juya ta ciki kamar minti 1, a gwada da gashin fiffike, in ya zare da sauƙi an kai. Tafasasshen ruwa yana saɓule fatar buroila, wadda ba ta kai ta kazar Hausa ƙwari ba. A babbake sauran gashin da harshen wutar kara, ban da leda da roba. Sa'an nan a tsaga fatar gindin wuya a zare jakar tsaba, a yi ƙaramar tsaga a ƙasan ƙirji, a kewaye dubura da bakin wuƙa, a sa hannu a jawo kayan ciki gaba ɗaya ba tare da an huda hanji ba. A cire matsarmama daga jikin hanta a hankali, domin in ta fashe ɗacinta ba ya wankuwa. A tsaga ƙundu a ɓare rawayar fatar cikinsa. Hantar da aka ga ta yi fari-fari ko ta kumbura a zubar. Kaza mai kilo 2 da rai takan bar kimanin kilo 1 da rabi bayan gyara, kuma wanda zai sayar da gyararriya ya sa wannan cikin kuɗinsa.

Ɗanyen nama ba ya jira a ƙasarmu, domin cikin zafi ƙwayoyin cuta suna iya ninkuwa duk minti 20. In ba firji, kada ya wuce sa'a 2 bai hau wuta ba, kuma kada a yanka fiye da abin da za a iya gyarawa a soye a wannan safiya. A dafa har ya zama ba ja a jikin ƙashi. Wuƙa da faranti da hannun da suka taɓa ɗanyar kaza a wanke su da sabulu kafin su taɓa latas ko kabeji ko tumatir, waɗanda ba sa hawa wuta.

Gashi da hanji a binne su, kada a watsar a bayan gida karnuka su ja. Shimfiɗar ɗakin kuwa a kwashe ta duka, a tara a inuwa, a yayyafa ruwa, a rufe, ta yi wata 2 ko 3 tana ruɓewa kafin a kai ta gonar masara, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka. Ɗakin a wanke shi, a fesa magani, a bar shi buɗe mako 2 ba kaza ko ɗaya kafin a zuba sababbin tsaki, kuma mai son ya yi kiwo na biyu ya sa waɗannan kwana 14 cikin ƙirgensa tun kafin ya ba dillalin tsaki kuɗi.